Makonnin da Ke Tsakanin Ƙurji da Kumburi: Ƙazuwa da Ciwon Ƙodar Yara

A cikin cututtukan da ke kama ƙodar ƙananan yara a ƙasashe masu zafi da unguwannin da jama'a suke zaune a cunkushe, akwai guda ɗaya wadda daga kan fata take farawa, kuma yawancin iyaye ba su taɓa jin an danganta ta da ƙurajen da suke gani kullum a ƙafafu da hannuwan 'ya'yansu ba. Yaro yakan kamu da ƙazuwa ko wani ƙurji mai ruwa, ya yi ta susa har wurin ya yi mugunya, daga baya ƙurjin ya bushe ya bar tabo a manta da shi, sai bayan mako uku zuwa shida a wayi gari fuskarsa ta kumbura, fitsarinsa ya ragu ya koma launin baƙin shayi, wani lokaci ma jininsa ya hau har ya kai shi ga jijjiga. Likitoci suna kiran wannan ciwo kumburin matatan ƙoda mai biyo bayan ƙwayar sitireptokokas, wato wata ƙwayar cuta da ke zama a cikin ƙuraje da maƙogwaro. Tazarar makonnin nan ita ce take ɓoye asalin ciwon, domin a lokacin da kumburi ya bayyana ƙurjin da ya jawo shi ya riga ya warke, sai a shiga neman dalili a wani wuri dabam.

Wani ƙiyasi da Jonathan Carapetis da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2005 ya nuna cewa a kowace shekara sama da mutum 470,000 suke kamuwa da wannan ciwon ƙoda a duniya, kimanin 5,000 daga cikinsu suna rasa rayukansu, kuma kashi 97 cikin 100 na masu kamuwar suna ƙasashe masu tasowa ne. Tushen da ciwon ke fitowa daga gare shi ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum miliyan 200 suna ɗauke da ƙazuwa a kowane lokaci, abin da ya sa a shekarar 2017 ta shigar da ita cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, yayin da wani nazari na shekarar 2015 ya ƙiyasta yaran da ke fama da ƙuraje masu mugunya a kan miliyan 162.

Garin Tamanrasat da ke kudancin Aljeriya, a gindin duwatsun Ahaggar, kimanin kilomita 400 daga In Gezam da ke kan iyakar Nijar, wuri ne da ya dace a dubi wannan al'amari daga cikinsa, saboda Hausawa sun daɗe suna zuwa can fatauci da neman aiki, kuma a unguwanninsa irin su Sarsuf da Tahaggart ana jin Hausar Damagaram da ta Maraɗi da ta Agadas a tsakanin Larabci da harshen Abzinawa. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,400, don haka daren hunturunsa yana da tsananin sanyi, kuma iyalin da suka kama ɗaki guda ko suka raɓa a ginin da ba a ƙarasa ba ba su da zaɓi illa su haɗa yara huɗu ko biyar a ƙarƙashin bargo ɗaya. Ruwa kuwa abu ne mai daraja a garin da sai a shekarar 2011 aka jawo masa shi ta bututu daga In Salah, tafiyar kilomita 750, kuma a duk gidan da ruwa yake zuwa a jarka, sha da girki ne suke fara cin rabonsu kafin a zo kan wankan yara da wankin shimfiɗa.

A kan wannan akwai yawan tafiya. Shekaru da dama ke nan mata da yara daga yankin Kance da Matamaye suke ratsa hamada zuwa Aljeriya neman na sakawa a baka, kuma duniya ta san da hanyar ne a watan Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit. Tun daga ƙarshen shekarar 2014 kuma ake mayar da 'yan Nijar gida cikin ayarin motoci ta Tamanrasat da In Gezam da Asamaka, bayan an tara su a wuraren jira inda ake kwana jiki da jiki. Abin da wannan yake nufi ta fuskar lafiya shi ne yaron da ya yi ƙurji a Matamaye yana iya kumbura a Sarsuf, wanda ya kwashi ƙazuwa a Sarsuf kuma yana iya kumbura a Agadas, ta yadda ma'aikacin lafiyar da ya ga kumburin ba shi ne ya ga ƙurjin ba, uwar da ke bayani ta bakin tafinta kuma ba za ta kawo zancen ƙurajen da suka warke wata guda da ya wuce ba sai an tambaye ta.

Yadda ƙazuwa take buɗe wa ƙwayar cuta hanya

Ƙazuwa aikin wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai ƙafa takwas, dangin kaska, wanda tsawon macensa bai kai rabin milimita ba, kuma tun a shekarar 1687 wasu masana biyu na ƙasar Italiya, Bonomo da Cestoni, suka ciro shi daga fatar marasa lafiya suka bayyana siffarsa. Macen takan huda saman fata ta haƙa 'yar siririyar hanya a ciki, tana ajiye ƙwai biyu ko uku a kowace rana, su ƙyanƙyashe cikin kwana uku zuwa huɗu, 'ya'yan su girma cikin kamar mako biyu su ci gaba da haihuwa. Abin mamaki shi ne a jikin yawancin masu ƙazuwa ƙwarin da suka girma ba su wuce 10 zuwa 15 ba, domin ƙaiƙayin da ke hana barci martani ne da jiki yake mayarwa ga ƙwaron da ƙwansa da kashinsa, kuma a kamun farko wannan martani yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya taso, alhali a duk tsawon lokacin mutum yana shafa wa na kusa da shi bai sani ba. Ƙurajen sun fi fitowa a tsakanin yatsu da wuyan hannu da hammata da kewayen cibiya da ɗuwawu da al'aura, a jikin jarirai kuma har tafin hannu da tafin ƙafa da fatar kai, kuma idan aka ga mutum biyu ko uku a gida ɗaya suna susa da dare, da wuya a ce ba ita ba ce.

Ya kamata a tsaya a kan wani kuskure da ya yi wa yara illa mai yawa, wato ɗaukar ƙazuwa a matsayin shaidar rashin tsabtar uwa. Wanka da sabulu ba ya kashe ƙwaron da ya riga ya shige cikin fata, kuma abin da yake yaɗa shi shi ne daɗewar fata a jikin fata, kamar yadda yake faruwa a goyo da kwanciya wuri ɗaya, shi ya sa ta fi yawa a makarantun allo da makarantun kwana da gidajen yari da sansanonin 'yan gudun hijira, inda wurin kwana ya yi wa jama'a kaɗan. Kunyar da ake ɗora wa ciwon takan sa uwa ta rufe hannun ɗanta da doguwar riga maimakon ta kai shi a duba, kuma kowane mako na ɓoyewa ƙarin lokaci ne ga farce ya yaga fata.

Yagewar fatar ita ce mataki na biyu. Ƙwayar sitireptokokas ta rukunin A, bisa rabe-raben da masaniyar ƙwayoyin cuta Rebecca Lancefield ta tsara a Amurka a shekarar 1933, ba ta iya ratsa lafiyayyar fata, amma da zarar ta sami kafa sai ta zauna ta hayayyafa, sau da yawa tare da wata ƙwayar mai suna sitafilokokas, wurin ya yi ɗan bororo mai ruwa, ya fashe, ya yi ɓawo mai launin zuma, kaluluwa ta fito a matsematsi ko hammata. Masu bincike a birnin Birisben na Ostareliya sun gano cewa ƙwaron ƙazuwa yana fitar da wasu sinadarai da suke dakushe kariyar jiki a cikin hanyar da ya haƙa domin ya tsare kansa, kuma ƙwayar cutar takan ci moriyar wannan sassauci. Ƙazuwa ba ita kaɗai ce ƙofa ba, domin cizon sauro da aka sosa, da ƙurajen ƙarambau, da makero a fatar kai, da fason ƙafa na lokacin hunturu, da ɗan ciwon tuntuɓe, duk suna iya zama mashiga, sai dai ita ce ta fi daɗewa a jiki kuma ta fi game gida gaba ɗaya. Ƙwayar tana da nau'o'i fiye da 200, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke taɓa ƙoda, kamar nau'i na 49 da aka fi sani a ƙurajen fata da na 12 da aka fi sani a ciwon maƙogwaro. Wannan shi ne dalilin da ya sa unguwa takan shekara da shekaru tana fama da ƙuraje ba tare da an ga kumburi ba, sai wani baƙon nau'i ya shigo, a ga yara da yawa sun kumbura a cikin 'yan watanni.

Abin da ke faruwa a cikin ƙoda

Kowace ƙoda tana ɗauke da kimanin matatai miliyan ɗaya, kowace matata kuma ɗan dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini ne da ido ba ya gani, wanda ruwa da gishiri da dattin jiki suke ratsawa su zama fitsari, yayin da ƙwayoyin jini da furotin, wato sinadarin gina jiki, suke tsayawa a cikin jini. Ƙodojin babban mutum suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, abin da yake fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Aikin ya yi kama da tace gasara da ƙyalle: idan ƙyallen ya toshe ruwa ba ya wucewa, idan ya yage kuma dusa takan bi ruwan, kuma matatar yaron da ta kumbura takan haɗa laifuffukan biyu a lokaci guda, ta hana ruwa da gishiri fita yadda ya kamata, ta kuma bar jini da furotin su zurare cikin fitsari.

Ƙwayar cutar kanta ba ta zuwa ƙoda ta zauna. Abin da yake zuwa shi ne wasu sinadaran furotin da take fitarwa, waɗanda jini yake ɗauka daga ƙurjin ya kai su matatai, su maƙale a bangonsu. A cikin makonnin da suka biyo baya jiki yakan ƙera sinadaran kariya da suka dace da su, waɗannan su je su same su a inda suka maƙale su haɗe da su, haɗuwar kuma ta kira fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira sojojin jiki, su cika matatar har ta kumbura. Lokacin da jiki yake buƙata don shirya wannan martani shi ne tazarar da ake gani, mako ɗaya zuwa biyu idan daga maƙogwaro aka fara, mako uku zuwa shida idan daga fata ne, kuma likitan yara Béla Schick ya lura da irin wannan jinkiri tun a shekarar 1907 a birnin Biyana, a jikin yaran da ƙodarsu ta kumbura bayan wani zazzaɓi mai ƙuraje da wannan ƙwaya take haddasawa. A yayin wannan rikici wani furotin na jini da likitoci suke yi wa laƙabi da C3 yakan ragu ƙwarai sannan ya dawo daidai cikin mako shida zuwa takwas, kuma a asibitin da ke da kayan gwaji, awonsa yana taimakawa wajen tabbatar da ciwon.

Akan ji wasu iyaye suna cewa ƙurjin ne ya koma ciki, kuma wannan magana tana da rabin gaskiya, domin sun lura da jerin abubuwan yadda suke, ƙurji ya ɓace kumburi ya biyo baya. Inda take ɓatar da mutane shi ne idan aka ɗauka maganin da aka shafa ne ya kora ciwon ciki, har a ƙi yi wa ƙanen yaron magani don gudun kada shi ma ya kumbura, alhali barin ƙurjin a buɗe shi ne yake ba ƙwayar damar yaɗuwa.

Ciwon ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12, wanda ya biyo bayan ƙurajen fata kuma ya fi yawa a ƙananansu. Alamar farko yawanci kumburin fatar ido ce da safe, har idon ya ƙanƙance kamar yaron ya kwana yana kuka, ya ɗan sauka da rana, sannan ƙafafu su ɗauka zuwa yamma, ta yadda idan aka danna babban yatsa a kan ƙwauri na ɗan lokaci aka ɗaga, sai a ga gurbin yatsan ya zauna bai cike nan take ba. Fitsarin, idan aka tara shi a farar kwalba aka ɗaga a haske, yakan yi duhu daga farkonsa har ƙarshensa, kuma yawansa yakan ragu sosai. Haɗarin gaske yana cikin ruwan da ya taru a jijiyoyi, wanda yake hawar da jini cikin 'yan kwanaki a jikin da bai saba da hakan ba, sai yaron ya yi kukan ciwon kai, ya yi amai, ganinsa ya dushe, ya shiga jijjiga ko ya suma, ko kuma ruwan ya taru a huhu ya kama haki ya kasa kwanciya. Yaran da ciwon yake taɓawa a ɓoye, ba tare da kumburi ba sai jinin da gwaji kaɗai ke gani a fitsari, sun ninka waɗanda ya bayyana a jikinsu, saboda haka idan yaro ɗaya ya kumbura a gida, 'yan'uwansa ma suna buƙatar a duba su.

A ƙasar Hausa akwai cututtuka da dama da suke kama da wannan, kuma rikita su yana jawo magani na kuskure. Tsargiya tana kawo jini a fitsari, amma jan jini ne da ke ɗigowa a ƙarshen fitsari, daga mafitsara yake, kuma ba ya zuwa da kumburin fuska. Tamowa mai kumburi tana zuwa da canjin gashi da saɓar fata da rama a ƙarƙashin kumburin, fitsarin kuma ba ya yin duhu. Akwai wani ciwon ƙodar dabam wanda furotin yake zuba da yawa har fitsari ya yi kumfa jiki ya kumbura gaba ɗaya, wanda maganinsa ya sha bamban. Jijjiga kuwa akan ɗora ta a kan zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ko iska, kuma yaron da aka ɗaura wa ƙarin ruwa bisa wannan zato alhali jikinsa cike yake da ruwan da ya kasa fita yana iya rasa numfashi a kan gadon asibiti. Abubuwa biyu masu arha ne suke raba gardama, wato awon hawan jini da maɗaurin hannu daidai girman yaro, da ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari ya nuna jini da furotin cikin minti biyu, kuma babu ƙaramin asibitin da ya kamata a ce ya rasa su.

Daga Zariya zuwa tsibiran Fiji

Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fara rubuta wannan alaƙa a Afirka. A shekarar 1973 wasu likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda suka haɗa da Hilton Whittle da M. T. Abdullahi da F. Fakunle da Brian Greenwood da Anthony Bryceson da Eldryd Parry, sun wallafa wani nazari a mujallar ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, wanda ya haɗa abubuwa uku a Zariya, ƙazuwa da ƙuraje masu mugunya da kumburin ƙoda, ya dube su a matsayin matakan al'amari guda. Shekara ɗaya kafin nan an ba da rahoton irin wannan a tsibirin Tirinidad, inda annobar ƙazuwa ta zo tare da annobar kumburin ƙoda, kuma a yankin Red Lake na jihar Minesota a Amurka, nau'i na 49 ya haddasa annoba a tsakanin yaran 'yan asalin ƙasar a shekarar 1953, ya lafa, ya sake dawowa a 1966 ya kama yaran da aka haifa bayan zuwansa na farko. A ƙasashe masu arziki ciwon ya ja baya ƙwarai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, sakamakon yalwar ɗakunan kwana da ruwan famfo da saurin samun magani, abin da ke nuna cewa gida da unguwa ne suke riƙe da shi. Fiye da shekara 50 bayan nazarin Zariya, abin takaici ne a ce har yanzu ƙazuwar almajiri ba ta cikin abubuwan da ake ɗauka da muhimmanci.

Babu maganin da yake sauke kumburin matatan kai tsaye, aikin asibiti shi ne a riƙe yaron da rai har su huce da kansu. Ana rage masa gishiri da ruwan sha gwargwadon fitsarin da yake fitarwa, a ba shi maganin sa fitsari irin furosemaid, a sauke hawan jini idan ya yi yawa, a riƙa auna nauyinsa kullum, a kuma ba shi fenisilin don kashe ragowar ƙwayar kada ta wuce ga wasu. Rage gishiri ya haɗa da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, domin kanwa ma gishirin sodiyam ce, kuma kunun kanwar da ake ba marar lafiya da kyakkyawar niyya yana ƙara masa kumburi. Magungunan kashe ciwo irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, suna rage jinin da ke isa ƙoda, haka nan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba suna iya ƙara wa ƙodar da ta gaza nauyi. Kaɗan daga cikin yaran fitsarinsu yakan tsaya cak har su buƙaci wankin ƙoda na 'yan kwanaki, kuma a nan nisan gari da babban asibiti yake zama batun rai da mutuwa. A Aljeriya jinya a asibitocin gwamnati kyauta ce tun shekarar 1974, sai dai tsoron kamu yakan sa baƙon da ba shi da takardu ya jinkirta zuwa, kumburi mai tafe da hawan jini kuma ba ya jiran a ga abin da gobe za ta yi.

Fiye da 9 cikin 10 na yaran da suka sami kulawa suna warwarewa: fitsari ya saki cikin mako guda, kumburi ya sauka, jini ya daidaita, ko da yake gwaji yana iya ci gaba da ganin ɗan jini a fitsari har shekara ɗaya ko biyu. An daɗe ana ɗaukar cewa magana ta ƙare ke nan, sai binciken da Wendy Hoy da abokan aikinta suka yi a tsakanin 'yan asalin arewacin Ostareliya, wanda aka wallafa a 2001 da 2012, ya nuna cewa waɗanda suka yi wannan ciwo suna yara sun fi sauran jama'a yawan zubar furotin a fitsari da raunin ƙoda bayan sun girma, da ninki mai yawa. Bayanin da masana suke bayarwa shi ne matatan ƙoda suna gama ƙeruwa ne kafin haihuwa, wajen mako na 36 na ciki, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa, don haka yaron da aka haifa da ƙarancin nauyi ya taho da matatai kaɗan, idan ƙurji ya cinye masa wasu, sannan hawan jini ko ciwon suga ya same shi a shekara 40, ƙodarsa takan gaza da wuri. Wanda ƙodarsa ta gaza yana buƙatar wanki sau uku a mako, sa'a huɗu kowane zama, ko kuma dashe irin wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yi a 2002, kuma iyalai kaɗan ne suke iya ɗaukar wannan nauyi. Saboda haka yaron da ya taɓa kumbura ya cancanci a riƙa auna jininsa da fitsarinsa lokaci zuwa lokaci, takardar sallamarsa daga asibiti kuma ta bi shi duk inda iyalin suka koma.

Gaskiyar da likitoci suka yarda da ita ita ce ba a tabbatar cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta yana kare ƙodar yaron da ƙurjinsa ya riga ya yi mugunya ba, amfaninsa da aka tabbatar shi ne warkar da ƙurjin da hana ƙwayar tsallakawa zuwa ga wasu. Wannan ya mayar da nauyin rigakafi baya, zuwa kan ƙazuwar kanta tun kafin farce ya yaga fata. Magungunanta sanannu ne kuma ba su da tsada: man famitirin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, da ruwan benzil benzowet wanda a ƙasashe masu amfani da Faransanci aka fi sani da sunan Ascabiol kuma ana sirka shi saboda ƙananan yara, da man farar wuta wanda ya dace har da jarirai. Inda ake yawan faɗuwa shi ne wajen shafawa, domin akan ɗiga maganin a kan ƙurajen da ido ke gani kawai, alhali ana so ne a shafe jiki duka daga wuya har tafin ƙafa, a bi tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce bayan an yanke shi da cibiya da matsematsi, a jarirai a haɗa da fatar kai, a bar shi tsawon lokacin da aka ƙayyade, a sake shafawa a hannu duk lokacin da aka wanke shi, sannan a maimaita bayan mako guda saboda ƙwan da suka ƙyanƙyashe. Kowa a gidan sai ya shafa a rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba. Ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a raye idan ya rabu da jikin mutum, don haka inda ruwan wanki ya yi ƙaranci ana iya ɗaure barguna da tufafi a cikin leda a ajiye su mako guda. Ƙaiƙayi yana iya ci gaba har mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwarin sun mutu, man shafawa masu haɗe-haɗe da ake sayarwa don kwantar da ƙaiƙayi kuma suna ɓoye ƙazuwa su bar ta tana yaɗuwa. Ga ƙuraje masu mugunya sabulu yana da tasiri na gaske, domin wani gwaji da aka yi a unguwannin talakawa na Karaci a Pakistan, wanda aka wallafa a 2005, ya nuna cewa wanke hannu da wanka da sabulu na yau da kullum sun rage su da kashi 34 cikin 100.

Magani gida-gida yakan rushe a wurin da yara suke cakuɗa da na maƙwabta, shi ya sa aka gwada yi wa gari gaba ɗaya magani a lokaci guda. A wani gwaji da aka yi a tsibiran Fiji, wanda aka wallafa a 2015, an ba mazauna wasu ƙauyuka ƙwayar aibamektin, kuma bayan shekara guda ƙazuwa ta faɗi daga kashi 32 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 2, ƙuraje masu mugunya kuma suka ragu da kashi biyu cikin uku ba tare da an raba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara a 2019 sun ba da shawarar a bi wannan hanya a duk inda ƙazuwa ta kai kashi 10 cikin 100 na jama'a. Aibamektin ba baƙon magani ba ne a Nijeriya da Nijar, domin shi ne Mectizan da aka daɗe ana rabawa ƙauye-ƙauye don yaƙar makantar kogi, cutar da Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta kawar da ita a watan Janairun 2025, wanda ke nufin akwai ma'aikata da masu rabon da suka san aikin. Bambancin shi ne ƙazuwa tana buƙatar sha biyu, da tazarar mako ɗaya zuwa biyu, kuma ba a ba da ƙwayar ga mai ciki ko yaron da nauyinsa bai kai kilo 15 ba, waɗanda su ne ƙananan da ƙurji ya fi kamawa, don haka duk shirin rabo a makarantar allo ko wurin jiran matafiya sai ya tanadi man shafawa tare da ƙwayar, ya kuma tanadi yadda wanda ya sha na farko a Tamanrasat zai sami na biyu a Asamaka ko Arlit.